Wa Yake Riƙe wa Anti Nata Ɗan?

Duk wanda ya saba ratsa Dakata, Kawaji ko Tudun Murtala da sassafe, ko Ja'en da Sabuwar Gandu, ko Panshekara da Zawaciki, ya san gidajen nan da ake shafe katangarsu da fenti mai haske, a zana giwa da lemo da haruffan boko, a kafa allo mai sunan da ya fi ginin girma. Waɗannan unguwanni su ne makwancin ma'aikatan Bompai da Sharada da Challawa, kuma ƙananan makarantun kuɗin nan su ne inda da yawansu suke ajiye 'ya'yansu kafin su kama hanyar kamfani. A bakin ƙofa akwai mace tana karɓar yara ɗaya bayan ɗaya, da kwandon abinci, da gorar ruwa, da saƙon uwa: bai ci komai ba tun jiya, a ba shi maganin nan da azahar, kada a bar ta ta cire hular sanyi. Yara suna ce mata Anti, iyaye ma haka. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne da ke tsakiyar shekarun haihuwa, wata da ciki, wata da goyo, wata ta baro na yaye a gida. Ana yawan magana kan ingancin karatun nazare, da tsadar kuɗin makaranta, da tsaron yara. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wanda yake riƙe wa ita Anti nata ɗan, da wanda nauyin riƙon yake ƙarewa a kansa.

Yadda aka gina waɗannan wurare yana da hannu a maganar. Layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fata suka bi shi zuwa bakin teku, daga baya aka ga gara a matse man a nan, a jeme fatar a nan. Bompai ce ta fara tsayuwa, da injinan man gyaɗa da masaƙu, sannan kamfanin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills. Sharada ta biyo baya kashi-kashi har uku, sai Challawa a bakin kogi, inda manyan kamfanonin fata suka yi sansani. Lokacin da Paul Lubeck ya yi bincikensa a cikin leburorin Kano a shekarun 1970, wanda ya fito a littafi a 1986, maza ya tarar a bakin inji, da yawansu tsofaffin almajirai da 'yan ci-rani. An yanka lokacin shiga da na tashi da aikin dare bisa zaton cewa lebura namiji ne, kuma akwai wadda ta ji da yara a gida. A wancan zamani zaton bai kauce wa gaskiya sosai ba, don gidan Bahaushe yana da hannaye: ga kaka, ga kishiya, ga faccala, ga ƙanwar miji, ga 'yan mata masu tasowa da ake ɗora wa goyo tun ba su iya ɗaura zani ba. Enid Schildkrout, wadda ta nazarci yaran cikin birni a waɗannan shekaru, ta nuna yadda sana'ar matan kulle ta rataya a kan yara, su ne 'yan talla, su ne 'yan aike. Ke nan raino bai taɓa zama kyauta ba. Ba da kuɗi ake biyansa ba ne kawai, kuma masu biyan ba a tambayarsu.

Sai abubuwa suka juya. Daga ƙarshen shekarun 1990 masaƙu suka riƙa rufewa, saboda rashin wuta da tsadar baƙin mai da atamfar Sin da ta cika Kantin Kwari. Abin da ya tsaya, ko ya maye gurbi, shi ne leda da roba da takalma da tabarma da buhu da biskit da casar shinkafa, kuma aikin ya fi karkata ga na wucin gadi, wanda ake biya a yini ko a mako. Albashin mutum ɗaya ya daina riƙe gida. Mata suka fito, zawarawa da matan aure, Hausawa da waɗanda suka zo daga kudu da tsakiyar ƙasa: tsintar zoɓo da riɗi da ƙaro a sito, ware robobi, jera kaya a kwali, tuwo-tuwo a bakin get. Zaman gandu ya ja baya, aka koma ɗaki da falo a gidan haya, kaka tana can Ɗambatta ko Gaya. 'Yan matan da a da su ne masu goyo yanzu ana son su tafi makaranta, gwamnatin Kano ma ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019. Rainon da ake yi don zumunci ya zama abin da ake saye, kuma makarantun lungu ne suka buɗe kasuwarsa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Makarantar ƙananan yara a gindin masana'anta aka haife ta. A 1816 Robert Owen ya buɗe irinta a New Lanark, a Sukotlan, don 'ya'yan ma'aikatan masaƙar audugarsa, kuma gidan yara na farko da Maria Montessori ta buɗe a Rum a 1907 na 'ya'yan talakawa ne masu fita aiki. Bambancin shi ne a wurin Owen kamfani ne ya ɗauki mafi yawan nauyin. A Kano kuwa daga aljihun lebura kuɗin yake fita, saboda haka kuɗin makaranta ba ya iya wuce abin da albashin kamfani zai ɗauka, albashin Anti kuma ba ya iya wuce abin da kuɗin makaranta ya rage.

Lissafin ba shi da wuya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a ɗakin rainon jarirai mai kula ɗaya ga yara 10, a ajin nazare malama ɗaya ga yara 25. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Idan za a bi ƙa'idojin biyu tare, kowace uwa mai jariri sai ta biya naira 7,000 duk wata don albashin mai raino kaɗai, ba a zo maganar haya da ruwa da sabulu da mai gadi ba. Uwar da ita ma ba lallai ne tana samun dubu saba'in ɗin ba, kuma ba ɗa ɗaya gare ta ba. To, ɗaya daga cikin biyu ake yi, ko duka: a cusa yara fiye da ƙima a ɗaki, ko a danne albashi. Doka ma ta bar ƙofa a buɗe, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar fansho ta 2014 kuma ta fi tsananta ne daga ma'aikata 15 zuwa sama. Makarantar da ke da aji shida da nani biyu da mai gadi ta zille wa duka. Naira 71,000 da gwamnatin Kano ta sanar a ƙarshen 2024 ta ma'aikatanta ce. A lungun Ja'en labarinta kawai ake ji a rediyo.

A cikin makarantar ma mataki biyu ne. Akwai malama, mai NCE ko difloma ko takardar sakandare kawai, wadda take riƙe alli, ta rubuta darasi, ta duba aikin gida. Akwai nani, wadda take canza famfas, ta wanke fo, ta ba da abinci a baki, ta goya mai rigima, ta share aji bayan an tashi. Nani ta fi shan wahala, ta fi ƙarancin albashi, kuma sau da yawa ta fi yawan 'ya'ya a gida. Su biyun suna haɗuwa a wuri ɗaya: agogo. Makaranta tana tashi wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, kamfani ba ya sakin mutanensa sai yamma, in an ƙara lokaci sai bayan magariba. Yaron da ba a zo ɗauka ba, ba a kulle shi a aji a tafi. Wata ce za ta zauna da shi, ta yi la'asar a makaranta, tana duba waya, tana lissafin kuɗin adaidaita sahu da ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Uwar da ta makara ta ce, "Anti, yi haƙuri, ba a tashe mu da wuri ba," kuma gaskiya ta faɗa. Ƙarin lokacin da ta yi a kamfani wataƙila a biya ta. Wanda Anti ta yi saboda ita, da wuya a ga inda aka rubuta shi.

Idan ciki ya zo kuwa, sai a ga inda dokar take da inda ba ta kai ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Ya kuma hana a sallame ta tana cikin wannan hutu. A takarda ba laifi. Amma rabin ƙaramin albashi ba ya sayen ragon suna, balle ya kai gida arba'in. Mako shidan bayan haihuwa kwana 42 ne, wato kwana biyu kacal bayan mai jego ta ajiye ganyen wanka da kunun kanwa, washegari ake jiran ta a aji. Wadda ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a haihuwar fari, lissafinta ya riga ya wuce na doka. Rabin awar shayarwa kuma tana da amfani ne kawai idan jaririn yana kusa. Wadda take koyarwa a Sharada, ɗanta yana Panshekara, rabin awa ko titi ba ta kai ta ba. Ko da yana kusa, wa zai tsaya wa yara talatin 'yan shekara uku kafin ta dawo? Akwai kuma wata sarƙaƙiya: ma'anar ma'aikaci a sashe na 91 ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, saboda haka nani tana cikin inuwar dokar ba gardama, malama mai NCE kuwa lauyoyi suna iya jan maganarta. Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, amma macen da take jiran albashin watan jiya ba ta da kuɗin lauya, kuma ta san masu makarantun unguwa sun san juna.

Abin da yake faruwa a zahiri kowa ya sani. Wata ta ɓoye ciki a cikin hijabi har sai ya ƙi ɓoyuwa. Wata a ce mata, "Ki je Allah Ya sauke ki lafiya, in kin dawo ma gani." Wata ta nemo ƙanwarta ko ƙawarta ta riƙe mata aji, su raba albashin. Wata ta yi addu'ar haihuwar ta faɗo a dogon hutu, ko da yake a makarantu da yawa watan da ba a yi karatu ba babu albashinsa. Alhali a asibiti an gaya mata nono zalla har wata shida, ba ruwa ba koko, kuma tun tana Islamiyya ta san Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba suke samun nono zalla. Akan ɗora laifin a kan al'ada da kakanni masu ba da ruwa, kuma suna da nasu kason. Amma ba na jin adalci ne a yi wa mace wa'azin wata shida sannan a ba ta kwana 42.

Kwatanta malamar nazare da 'yar ajinsu. Su biyu suka fito daga kwalejin ilimi ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ƙaramar hukumar da Challawa take ciki, da takarda iri ɗaya. Ɗaya ta samu gurbi a firamaren gwamnati, inda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta kawo ajin share fage, tana da hutun haihuwa da albashinta, tana da ƙungiyar malamai ta NUT. Ɗayar ta faɗa makarantar kuɗi. A ma'aikatan tarayya hutun mako 16 ne, kuma a 2021 aka amince wa maza da kwana 14. Legas ta kai hutun matanta wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Duk wannan ci gaba ne, sai dai na masu aikin gwamnati ne, su kuwa ba su ne masu yawa ba.

Mafita ta farko da take zuwa wa kowa a rai ita ce Anti ta taho da ɗanta wurin aiki, tunda ai wurin yara ne. Makarantu da yawa suna yarda, wasu ma sukan rage wa 'ya'yan ma'aikata kuɗi, kuma wannan rangwame shi ne abin da yake riƙe mata da yawa a aikin fiye da albashin kansa. Alheri ne, amma yana da ƙugiya: ranar da ta bar aikin, 'ya'yanta ma sun bar makaranta, saboda haka ba ta da bakin neman ƙari. Sannan ga idon iyaye. Idan yara biyu suka fashe da kuka ta fara ɗaukar nata, gobe magana ta kai ofis. Don gudun haka sai ta koma ɗaukar na mutane, nata ya jira. Bahaushiya da ma ta gaji kunyar ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban jama'a. A nan kawaicin ya tashi daga ɗabi'a ya zama sharaɗin aiki. Akwai ma wani abin da mutanen waje ba za su lura da shi ba: mai raino da take shayar da nata ba ta isa ta sa jaririn wata a nono don ya yi shiru ba, ko uwarsa ta yi nisa, domin a mazhabar Malikiyya ko kaɗan ya shiga cikinsa ya zama ɗan'uwan 'ya'yanta, aure ya haramta a tsakaninsu. Sai ta yi ta jijjiga mai jin yunwa, alhali abin da zai sa ya yi barci yana jikinta.

Ga kuma cuta. Ɗaki mai yara da yawa da taga ɗaya, a zafin Afrilu ko ƙurar hunturu, mura da gudawa da ƙyanda ba sa neman izini. A 2023, da mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma yara ne suka fi shan wahala. Abin da ya shigo aji, Anti ce take kai shi gida a jikin zaninta. Unguwannin ma ba su da sauƙi: ruwan da kamfanoni suke saki yana bin rafin Getsi daga Bompai zuwa Jakara, yana bin Salanta daga Sharada zuwa kogin Challawa, masana a jami'o'in Kano sun daɗe suna auna sinadaran jima a cikinsa. Ranar da ɗanta ya kwana da zazzaɓi, zaɓinta biyu ne: ta tafi layin asibiti a yanke mata kuɗin yini, ko ta ba shi farasitamol ta bar wa maƙwabciya.

Wannan barin shi ne gundarin maganar, kuma a nan nake ganin ya kamata a daɗe. Idan ba a taho da yaro makaranta ba, a hannun wa yake? In an yi sa'a, kaka ko abokiyar zama. In ba a yi ba, babbar 'yar gidan, mai shekara tara ko goma, ita ce za ta yi fashin makaranta yau, gobe ta je a makare, jibi a ce ta haƙura da na safe ta riƙe Islamiyyar yamma. Ko kuma a ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, wadda kuɗinta uwarta ko dillaliya ake ba, ba ta taɓa shiga aji ba kuma ba za ta shiga ba. A bi zaren daga sama: kamfani yana samun ma'aikaciya ba tare da ya biya kuɗin rainon ɗanta ba, ma'aikaciya ta kai ɗan makarantar da ta fi araha, makaranta ta yi araha ne don ta matse Anti, Anti kuma ta sauke abin da ya rage a kan wata ƙaramar yarinya. Kowa a jerin nan yana da uzurin da za a saurara, amma wadda ta biya a ƙarshe da karatunta ta biya. Jihar Kano, da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, tana neman 'yan matan da ba sa zuwa makaranta, ya kamata ta leƙa gidajen malaman nazare ma.

Masu makarantu fa? Zai yi sauƙi a mai da su azzaluman labarin, kuma akwai waɗanda suka cancanci sunan, masu gina bene da sayen mota alhali malamai suna bin su watanni. Amma da yawansu, musamman a lungu, mata ne da su ma daga aji suka fito, suka kama hayar gida da kuɗin gado ko na sallamar miji daga masaƙa. Kuɗin makaranta sau uku yake shigowa a shekara, shi ma a gutsure, albashi kuwa duk wata ake nemansa. Duk abin da ya taɓa kamfani sai ya iso gare su: da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit a Afrilun 2024, masu masana'antu suka yi ta kuka, kuma duk lokacin da aka rage wa lebura kwanakin aiki, bashin kuɗin makaranta ne yake fara taruwa. A 2020, da aka rufe makarantu daga Maris zuwa Oktoba saboda korona, an ga iyakar ƙarfinsu. Malaman makarantun kuɗi da yawa sun yi watanni babu ko sisi. A ce wa irin wannan mai makaranta ta biya mai jego albashin wata uku, ta kuma biya wadda ta riƙe mata aji, abin da za ta koya shi ne ta daina ɗaukar amare.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ta samo asali ne daga fitar mata, da kowace ta zauna ta raini nata da an huta. Maganar tana da masu ita, kuma ba na raina ta. Amma bazawara mai 'ya'ya huɗu, ko matar da mijinta yake aikin kwana uku a mako, ba shawara ta fito nema ba. Abin lura ma shi ne koyarwa a nazare tana cikin ayyukan da magidanta suka fi yarda matansu su yi, saboda mata da yara ne, kusa da gida ne, ana tashi da wuri. Wannan yardar ce ta sa masu nema suka yi yawa, yawansu kuma ya karya farashinsu. Su mazan ma ba a yi musu adalci a lissafin ba. Duk wanda ya ga magidanta da safe a kan babur, yaro a gaba biyu a baya, ya san uba yana cikin rainon nan. Dokar Ƙwadago ba ta ba shi ko yini ɗaya na haihuwa ba. Leburan wucin gadi, ko direban motar makaranta, da kuɗin yininsa yake sayen halartar sunan ɗansa. Addinin da muke kafa hujja da shi kuwa bai ɗauki raino aikin banza ba. Fiƙihu ya yi maganar ladan shayarwa da nauyin uba a kansa, kuma kowane ɗan Islamiyya ya san Halimatus Sa'adiyya, wadda matan ƙabilarta suke zuwa Makka karɓar jarirai a matsayin sana'a.

Iyaye ma suna da abin da za su yi asara. A Janairun 2022, bayan kisan yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace, gwamnatin Kano ta janye lasisin makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su. Muhawarar da ta biyo baya ta fi tsayawa kan rajista da katanga da halin masu makarantu. Amma tsaron ƙaramin yaro na yau da kullum yana hannun macen da ta san fuskar mai zuwa ɗaukarsa, ta san kukansa na yunwa da na ciwo. Makarantar da malamanta suke canzawa duk zango, saboda ciki ko saboda ƙarin dubu biyu a makarantar gaba, ba ta da wannan ido komai tsayin katangarta.

Ƙasashen da suka riga mu gwadawa sun bar darasi iri biyu. Indiya, a gyaran dokarta na 2017, ta kai hutun haihuwa mako 26, ta wajabta ɗakin raino a wurin da ke da ma'aikata 50. Chile kuwa ta daɗe da dokar da ta ɗora ɗakin raino a kan kamfanin da ya ɗauki mata 20, sai aka ga kamfanoni suna tsayawa a 19, ko su rage wa mata albashin farawa. Duk dokar da ta ƙirga mata, ta ɗora kuɗin a kan mai ɗaukarsu shi kaɗai, mata ne suke biyan ta. Shi ya sa yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, bayan ta ce aƙalla mako 14 da kashi biyu bisa uku na albashi, ta fifita kuɗin ya fito daga asusun inshora ko baitulmali. Ba sai an je nesa ba: a Nijar hutun mako 14 ne, kuma asusun inshorar ma'aikata na CNSS yana ɗaukar kaso ga ma'aikaciyar da aka yi wa rajista, a Maraɗi take ko a Damagaram. Najeriya tana da injin yin haka, tunda dokar 2010 ta sa masu ɗaukar aiki suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF don diyyar rauni. Haihuwa ce ba a sa a ciki ba.

Wannan aikin Abuja ne, domin tsarin mulki ya ajiye dokokin ƙwadago a hannun tarayya. Abin da yake hannun Kano shi ma ba kaɗan ba ne. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, tana da reshe na Bompai da na Sharada da Challawa. Kamfani ɗaya ba zai buɗe ɗakin raino don mata goma sha biyu ba, amma kamfanonin layi guda za su iya haɗa guda, nesa da magudanar jima, mai buɗewa da rufewa daidai da lokacin aikinsu, kuɗin kuma a raba bisa yawan ma'aikata duka, ba mata kaɗai ba. Masu makarantu a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NAPPS za su iya yin abin da matan unguwa suka daɗe da iyawa, wato adashe: kowace makaranta ta riƙa zuba kaɗan duk zango, wadda malamarta ta haihu ta kwasa ta biya mai riƙon ƙwarya. Ina dai tsoron gaggawa a wuri ɗaya. Idan hukuma ta fito da sanda ta ce ko a bi kowace ƙa'ida ko a rufe, makarantun masu araha ne za su mutu, yaran kuma ba gidan Turawa za su koma ba, ɗaki za a kulle su a ciki ko a bar wa yayyensu mata.

Inda za a fara ba tare da an rufe kowa ba shi ne wurin sabunta lasisi. Hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu tana iya neman abu biyu daga kowace makaranta: ƙa'ida a rubuce cewa kuɗin makarar ɗaukar yaro na wadda ta zauna da shi ne, da kwafin takardar ɗaukar aiki ta kowace malama da kowace nani, mai ɗauke da ranar farawa, da albashi, da alƙawarin cewa ajinta yana jiran ta bayan haihuwa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya riga ya wajabta irin wannan takarda cikin wata uku da kama aiki. Rashinta ne yake sa mace ta kasa tabbatar da cewa ta cika wata shida, kuma in ba ta tabbatar ba, ko rabin albashin da sashe na 54 ya ba ta ba ta da hujjar nema.